Littafin Mai Unguwa

Ran Talata Mai Unguwa Sallau ya kira ni zaure,
ya miƙo min littafi mai ruwan toka da jan biro.
Ya ce, "Malam Ilu, kai ne ɗan bokonmu,
bi gida-gida ka rubuto min marasa aure.
Gari ya cika da gwagware
kamar gonar da ba a yi wa firi ba.
Kafin a yanki shinkafa ina so in ga an rage su."

Na fara da Nomau mai gyaran injin ban-ruwa.
A bakin fadama na same shi, hannu duk baƙin mai.
Ya ce, "Rubuta ni da manyan baƙaƙe, Malam,
ni ba gudu nake ba.
Shekara huɗu ina tarin lefe a gwangwanin madara,
da na kusa, sai ruwa ya ci albasa,
ko atamfa ta haye rimi ta bar ni a gindi.
Masu cewa in yi aure,
wa ya taɓa miƙo min ko tabarma?"

A ƙofar Barmani kasko ne ya amsa sallamata.
Tana juya karfasa, ko kai ba ta ɗago ba.
"Aure biyu na yi, ka san su duka:
ɗaya na kabari, Allah ya ji ƙansa,
ɗaya na Gujungu, Allah ya shirye shi.
Yanzu in na ja ƙyaure sai asuba,
ba mai tashina ya tambayi cinikin jiya.
In Sallau ya ga ɗakina ya yi min yawa,
ya aiko da buhun gawayi in ajiye masa."
Ta naɗe min kifi biyu a takarda,
ta ce in ci, in bar mata sunanta inda na gan shi.

Cindo kuwa bai ce uffan ba.
Yana wanke ƙafar tsohuwarsa a kwano,
shekara tara ke nan da ɓarin jikinta ya mutu.
Ita ce ta ce, "Rubuta shi, ɗan nan,
ni ce igiyar da ta ɗaure shi."
Ya ci gaba da cuɗa diddigenta a hankali
kamar ba da shi ake ba.
Na tsaya da biro a kan layi
har tawada ta taru wuri guda.

Aure sunna ne, ban taɓa musu ba,
na kuma ga gidan da ya raya.
Amma na yi noma kafin in yi boko,
ba a dashen shinkafa a tudu don an ga fili.
Wani ruwa yake jira,
wani ruwan ne ya taɓa cinye shi,
wani ko bai samu sukunin duba sama ba.
Mu da ke zaune a dakali muna ƙirga ɗakunan mutane,
mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Ran Juma'a bayan la'asar na mai da littafi.
Sallau ya lashi yatsa yana buɗa shafi,
talatin da bakwai, ya ƙirga sau biyu.
Sai ya dube ni ta saman tabarau:
"Ina naka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe,
damina uku ke nan da muka kai Tasalla,
amma tsintsiyarta na nan bayan ƙyaure
inda ta jingine ta.
Na sayi wata a kasuwar Auyo, da ita nake shara."
Na miƙa masa biron.

Ya juya shi a hannu, ya juya,
kaji suna wucewa ta gabanmu za su kwana.
Can ya rufe littafin, ya tura ƙarƙashin buzu,
ya ce, "Shi Nomau ɗin,
nawa ne ya rage masa?"